Sarkin Katsina Dikko: baitulmali, audugar Daudawa da iyakar da ta raba Katsina da Maraɗi

Wanda ya tashi daga Funtuwa ya ɗauki hanyar Gusau zai ratsa Mairuwa da Sheme da 'Yankara, duk a ƙaramar hukumar Faskari, kafin ya shiga Tsafe ta jihar Zamfara. Direbobin yau ba sa son yamma ta yi musu a wannan hanya. Amma shekara casa'in da suka wuce, wannan yanki, haɗe da Ƙanƙara da Sabuwa, yana cikin wuraren da arzikin masarautar Katsina ke fitowa. Audugar da ake nomawa a nan tana ƙarewa ne a masaƙun Ingila. Harajin da ake biya da kuɗinta kuma ya nufi birnin Katsina, wani kaso ya wuce Kaduna, rarar da ta saura ma har Landan take kaiwa.

Sarkin da aka yi wannan sauyi a hannunsa shi ne Alhaji Muhammadu Dikko, wanda ya riƙe Katsina daga 1906 zuwa 1944. Yawancin matasa sun san sunan ne daga filin wasa na birnin Katsina, ko kuma daga labarin wasan folo. Sai dai abin da ya fi shafar rayuwar talaka a mulkinsa abu uku ne: yadda ake karɓar kuɗin jama'a a adana, abin da manomi zai shuka ya sayar, da kuma wanda ke tsare masa hanya.

Ɗan Durbi a zamanin hari

An haifi Dikko a 1865, zamanin Sarkin Katsina Muhammadu Bello. Mahaifinsa Gidaɗo shi ne Durbin Katsina, daga zuriyar Sulluɓawa. Durbi babban basarake ne, yana cikin masu zaɓen sarki, ƙasarsa kuma tana wajen Mani, gabas da birni. Amma gidansu ba gidan sarautar Katsina ba ne. Tun da Malam Ummarun Dallaje ya karɓi birnin a 1807 bayan jihadi, 'ya'yansa da jikokinsa, wato Dallazawa, su ke hawa gadon.

Katsinar da Dikko ya tashi a cikinta ƙasa ce da ba ta san barci da ido biyu ba. Tsofaffin sarakunan Haɓe da aka kora sun kafa Maraɗi, ba su kuma taɓa haƙura da birnin kakanninsu ba. Shekara da shekaru mahayan Maraɗi, wani lokaci tare da Gobirawan Tsibiri, suna bin dajin Rugu su gangaro kudu, su kwashi shanu da mutane su koma. Sunayen Ɗan Baskore da Ƙaura Hasau har yanzu suna cikin labaran tsofaffi. Hanyar da suke bi ita ce wannan layin daji da ya taso daga wajen Batsari da Safana, ya bi ta yamma da Ƙanƙara, ya haɗe da dazuzzukan Kogo da Birnin Gwari. Mai karatu zai lura cewa taswirar ba ta sauya sosai ba, masu bin hanyar ne da abin hawansu suka sauya.

Abin da hari ya jawo wa kudancin Katsina, wadda ake kira Katsinar Laka saboda ƙarfin ƙasarta, shi ne mutane suka taru a garuruwa masu ganuwa ko a gindin duwatsu, gonaki masu kyau da ke nesa da gari kuwa suka koma daji. Ga ƙasa mai albarka, ga ruwan sama fiye da na arewa, amma babu mai iya kwana a gona.

Dikko ya gaji sarautar Durbi tun yana matashi, ya kuma halarci yaƙe-yaƙen wancan zamani a ƙarƙashin Sarki Abubakar. Da Turawa ba su zo ba, da wataƙila iyakar abin da tarihi zai riƙe game da shi ke nan, Durbi ɗaya cikin jerin Durbawa.

Yadda sarauta ta bar gidan Dallazawa

A watan Maris na 1903, bayan faɗuwar Kano da Sakkwato, Gwamna Lugga ya iso Katsina. Sarki Abubakar bai yi yaƙi ba. Turawa suka kafa bariki a bayan gari, kuma bariki yana buƙatar hatsi da ciyawar dawaki da itace da leburori. Aikin samar da waɗannan ya faɗa hannun Durbi Dikko. Aiki ne da manyan fada da yawa suke gani ƙasƙanci ne, shi kuwa ya riƙe shi da hannu biyu. Nan ya koyi halin baƙin: mutane ne masu son lissafi da cika alkawari a kan lokaci, kuma duk wanda ya ba su waɗannan biyun sun riƙe shi ke nan.

Ba a yi shekara biyu ba Turawa suka tuɓe Abubakar suka kai shi Ilori. Labarin da ya shahara shi ne an tsinci mushen kare a rijiyar da Turawa ke sha, aka ɗora wa sarki laifin. Aka naɗa Yero, shi ma Badallaje, amma tsakaninsa da jami'in Turawa na Katsina, Richmond Palmer, ba a taɓa jituwa ba. Sai ga tawayen Satiru kusa da Sakkwato a watan Fabrairun 1906, inda aka kashe Turawa uku da sojojinsu. Wannan ya firgita gwamnatin Lugga ƙwarai, ta shiga auna kowane sarki da ma'auni ɗaya: ranar da aka shiga tsoro, ina ya tsaya? A ƙarshen shekarar aka tuɓe Yero aka tura shi Lakwaja, Palmer ya tsaya kai da fata sai an ba Durbi.

Kada a yi wa tarihi kwalliya. Dikko ya hau ne da ƙarfin Turawa, kuma mutanen birni da yawa ba su yi maraba da shi ba a farko, domin a idonsu an ƙwace gado ne daga masu shi aka ba bare. Shi ma ya san haka. Sarkin da ba shi da hujjar gado dole ya nemi wata hujjar, tasa kuwa ita ce aiki. Wannan ne ya sa duk sabon abin da Turawa ke son gwadawa a Arewa, sau da yawa a Katsina ake fara shi.

Akwatin kuɗin jama'a

Gwaji mafi girma shi ne baitulmali.

Kafin zuwan Turawa haraji iri-iri ne: zakkar hatsi, kuɗin ƙasa, jangalin shanu, kuɗin karofi na marina, kuɗin rafi na masu noman fadama, ga gaisuwa da ba ta da ƙa'ida. Hakimai suna zaune a birni, jakadunsu ne ke zagaya ƙauyuka. Abin da aka karɓo daga manomi sai ya bi hannun mai unguwa da dagaci da jakada da hakimi kafin ya kai ga sarki, kowane hannu kuma yana da ɗanko. Babu wanda zai iya faɗin nawa aka tara a shekara, kuma babu bambanci tsakanin aljihun sarki da asusun ƙasa.

Dokar haraji ta Lugga ta 1906 ta haɗe yawancin waɗannan zuwa haraji ɗaya, ta kuma ce a raba biyu, rabi na gwamnati, rabi na sarki da mutanensa. Abin da Palmer da Dikko suka ƙara a Katsina shi ne rabin sarki ya daina shiga gidan sarki. Aka buɗe ofis, aka sa ma'aji da malamai masu rubutu, duk kuɗin da ya shigo a rubuta, duk wanda ya fita a rubuta. Sarki da kansa aka yanka masa albashi. Haka hakimai da alƙalai da dogarai. Abin da ya rage sai a yi hanya, a haƙa rijiya, a gina makaranta ko kurkuku ko ɗakin magani. Sunan ma da hikima aka zaɓe shi, domin baitulmali kalma ce da malamai suka sani a littattafan fiƙihu, ba wanda zai ce baƙon abu ne aka kawo.

A ce wa sarki mai cikakken iko ya koma ɗan albashi ba ƙaramin abu ba ne, kuma Dikko ne ya fara yarda. Zuwa 1911 gwamnati ta yaɗa tsarin zuwa sauran masarautun Arewa, shi ne ya zama ƙashin bayan abin da aka sani da En'e har zuwa gyaran ƙananan hukumomi na 1976. Sarautar da ke riƙe da baitulmalin Katsina ita ce Mutawalli. Gidan 'Yar'aduwa ne ya shahara da ita, har ta kai ga marigayi Shugaba Umaru Musa 'Yar'aduwa, wanda kakarsa ta wajen uba 'yar'uwar Dikko ce.

A lokaci guda aka umarci hakimai su bar birni su koma ƙasashensu da zama, aka kawar da jakadu. Daga nan ne garuruwa irin su Ƙanƙara, mazaunin Sarkin Pauwa, da Malumfashi ta Galadima suka zama hedikwatar gunduma mai hakimi da alƙali da malamin haraji. Ga talakan Katsinar Laka wannan yana da fuska biyu. Hukuma ta matso kusa, mai ƙara ba sai ya yi tafiyar kwanaki ba. Amma mai karɓar haraji ma ya matso kusa, kuma yanzu yana da littafi mai sunan kowane magidanci.

Akwai kuma inda tsarin ya tsaya. Kasafin baitulmali ba ya aiki sai Razdan ya sa hannu. Rarar da aka tara kuma ba a barinta a Katsina, ana sayen takardun bashin gwamnati da ita a Landan ta hannun wakilan da ke kula da kuɗin ƙasashen da Ingila ke mulka. Wato sulen da manomin Faskari ya biya yana iya zama bashin da aka ba wata gwamnati a can wata nahiya, alhali garinsu ba shi da asibiti. An samu tsabtar lissafi, amma mabuɗin akwatin yana hannun baƙo.

Daga wuri zuwa sule

Lissafi ba ya yiwuwa sai da kuɗin da za a iya ƙirgawa. Kuɗin ƙasar Hausa a lokacin wuri ne, kuma wuri yana da nauyi. Keso ɗaya wuri dubu ashirin ne, mai babban ciniki sai ya nemi jakai su ɗaukar masa kuɗinsa. Manyan dukiyoyi kuwa a bayi da dawaki da tufafi ake ajiye su. Turawa sun hana cinikin bayi, suka hana shigo da wuri daga waje a 1904, sannan sannu a hankali suka ce haraji sai da kuɗinsu. A 1912 aka kafa hukumar kuɗin Afirka ta Yamma a Landan, wadda ke buga sule da sisi da taro, kowane sule kuma da madadinsa a ajiye a Ingila. Haka aka zauna har Babban Bankin Nijeriya ya fara aiki a 1959. Sunan ɗari da ake kiran rabin kwabo ya samo asali ne daga wuri ɗari.

Wanda ya sha wahalar canjin takardun naira a farkon 2023 zai ɗan fahimci halin da mutane suka shiga. Bambancin shi ne na wancan lokaci ya ɗauki shekaru, kuma mai tarin wuri yana kallo dukiyarsa ta koma abin adon ƙwarya. Sule kuwa ba ya tsirowa a gona. Hanyar samunsa ita ce ka noma abin da kantin Bature ke saye, ko ka tafi aikin ƙwadago. A nan ne haraji da auduga suka haɗu.

Audugar Daudawa

Masu masaƙun Lankasha a Ingila sun gaji da dogaro da audugar Amurka, shi ya sa suka kafa ƙungiyar BCGA a 1902 don neman wasu wuraren. Sun sa rai ƙwarai a kan Arewacin Nijeriya, kuma wannan fata na cikin dalilan da suka sa aka ja layin dogo har Kano, inda ya isa a 1911. Sai manoman Kano suka ba su mamaki, suka rungumi gyaɗa. Audugar gida kuma masaƙan gida suna sayenta da tsada fiye da yadda Bature zai biya.

Inda auduga ta karɓu sosai shi ne arewacin Zazzau da kudancin Katsina da wajen Gusau. Dalili na farko ƙasa ce. Na biyu kuwa tsaro: da harin Maraɗi ya mutu, mutane suka fito daga bayan ganuwa, baƙi suka kwararo daga arewacin Katsina da Kano da ma ƙasar Faransa, aka sare daji aka kafa ƙauyuka da unguwanni. Ƙauyuka da yawa na Faskari da Sabuwa da Ɗandume a wannan zamani aka kafa su ko suka cika. Yunwar 1913 zuwa 1914, wadda ake kira Kakalaba, ta ƙara turo mutanen arewa zuwa inda ruwa ya fi sauka.

Gwamnati ta kawo irin auduga na Amurka mai dogon zare, wanda ake kira Alan, ana raba shi ta hannun hakimai da dagatai. A tsakiyar shekarun 1920 aka buɗe gonar gwaji da yaɗa iri a Daudawa, cikin ƙasar Faskari ta yau. Aka kafa injin gurzar auduga a Funtuwa. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya bi ta Funtuwa da Gusau ya isa Ƙauran Namoda a 1929, Funtuwa kuma ta tashi daga ƙaramin gari ta zama cibiyar ciniki mai kantunan kamfanoni irin su John Holt da UAC.

Cinikin yana da dokoki masu tsauri. Audugar fitarwa ba a sayar da ita sai a kasuwannin da hukuma ta amince da su, malamin auduga ya duba ya ba ta daraja, a auna, a biya. Ma'aikatan En'e su ne ke tabbatar da an shuka irin da aka raba, an kuma tuge tsofaffin itatuwa an ƙone bayan girbi saboda ƙwari. Dikko ya sa nauyin sarautarsa a kan wannan, shi kansa manomi ne mai manyan gonaki kuma mai son gwada sabon abu, har da noma da garmar shanu da aka fara yaɗawa a zamaninsa. Hakimin da audugar ƙasarsa ta yi ƙasa ya san zai amsa tambaya.

An samu kuɗi, babu musu. Rufin kwano da keke da tafiya Makka sun shiga gidajen da ba su taɓa mafarkinsu ba. Amma farashin ba a Funtuwa ake yanka shi ba, a Libaful ne. Da kasuwannin duniya suka rushe a 1929, kuɗin auduga da na gyaɗa suka faɗi warwas, haraji kuwa bai sauka daidai da faɗuwar ba. Magidanci ya sayar da hatsin da zai ci, ko akuya, ko ya tafi cin rani, don ya samu takardar shaidar biya. Littafin baitulmali ya ci gaba da daidaita, rumbuna ne suka yi sauƙi. Sarki yana da hannu a nasarar, don haka ba za a cire hannunsa daga wannan ba.

Iyaka a tsakiyar 'yan'uwa

Zaman lafiyar da ya buɗe dazuzzukan kudu yana da alaƙa da wata yarjejeniya da aka ƙulla a Turai. Ingila da Faransa sun yi ta ja-in-ja a kan inda mulkin kowa zai tsaya tsakanin kogin Kwara da tafkin Chadi. Sun sa hannu a 1898, suka gyara a 1904 da 1906 saboda Faransawa na neman hanya mai rijiyoyi daga Kwara zuwa Damagaram. Daga 1906 zuwa 1908 wata tawagar haɗin gwiwa ƙarƙashin Tilho na Faransa da O'Shee na Ingila ta bi ƙasa tana kafa alamomi. Maraɗi da Tasawa suka faɗa hannun Faransa, Katsina da Jibiya suka zauna a na Ingila. Yaƙin shekara ɗari tsakanin Katsinawa biyu ya ƙare a shekarun da Dikko ke hawa gado, ba don ɗaya ya ci ɗaya ba, sai don kowannensu ya samu ubangida mai bindiga.

Iyakar ba ta hana zirga-zirga ba. Ayarin Buzaye na kawo gishiri da kanwa da dabbobi, su koma da hatsi da tufafi. Mutanen ƙasar Faransa masu gudun aikin tilas da harajin can suna tsallakowa su zauna, kowane magidanci da ya zauna kuma ƙari ne a littafin harajin Katsina. Abin da ya mutu shi ne tsohon cinikin hamada zuwa Tarabulus, wanda ya ɗaukaka Katsina ɗaruruwan shekaru. Jirgin ƙasa da shigar Italiya Libiya a 1911 suka ƙarasa shi. Birnin Katsina, da layin dogo bai bi ta kansa ba, ya koma gefe, nauyin arziki ya gangara kudu wajen Funtuwa.

Sau biyu rikicin duniya ya iso bakin wannan iyaka a zamanin Dikko. A ƙarshen 1916, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Ɗaya, Kawsan da mayaƙansa na Buzaye suka yi wa Faransawa ƙawanya a Agadas, har sai da sojojin Nijeriya suka tsallaka don taimaka wa Faransa a 1917. Masarautun kan iyaka irin Katsina su ne bayan fage, kuma baitulmalin Arewa sun ba Ingila gudummawar kuɗin yaƙi. Na biyu shi ne bayan Jamus ta ci Faransa a 1940, lokacin da hukumomin Nijar suka bi gwamnatin Bishi mai biyayya ga Jamus. Har zuwa ƙarshen 1942 maƙwabcin Katsina na arewa yana ɓangaren abokan gaba, aka tsaurara tsaro, ciniki ya koma na dare. 'Yan kasuwar Jibiya da suka ga rufe iyaka a 2019 da kuma bayan juyin mulkin Nijar na 2023 ba su ne na farko ba.

A cikin gida kuwa, tsaron ya rataya ne a kan sarƙar da ta taso daga mai unguwa zuwa dagaci zuwa hakimi zuwa sarki. Baƙo ba ya kwana a gari ba a san mai masaukinsa ba. In an yi sata aka bi sawu ya shiga wani ƙauye, dagacin wurin ne zai fito da ɓarawo ko ya amsa. Dogarai da 'yan doka ba su da yawa, amma littafin haraji da na jangali sun sa hukuma ta san kowane gida da kowace ruga. Tsari ne mai saurin zalunci in aka samu mugun hakimi, kuma an samu. Duk da haka a ƙarƙashinsa ne ɗan kasuwa ke ɗaukar kuɗin auduga a jaka daga Funtuwa zuwa ƙauye ya kwana lafiya. Wanda ya tuna daren 11 ga Disambar 2020, da aka kwashe ɗalibai fiye da 300 daga makarantar sakandaren kimiyya ta Ƙanƙara aka shiga da su wannan dajin, dole ya tsaya a kan wannan bambanci.

Landan da Makka

A 1921 Dikko, yana kan gadon sarauta, ya bar ƙasarsa ya tafi aikin Hajji, kuma ta Ingila ya bi. Ya shiga jirgin ruwa a Legas, ya sauka Ingila, ya gana da Sarki George na Biyar, sannan ya wuce Jidda, lokacin Hijaz tana hannun Sharif Husaini. A da, mai niyyar Hajji daga ƙasar Hausa ƙasa yake bi ta Chadi da Sudan, tafiyar shekaru, da yawa ba sa dawowa. Sarkin da ya tafi kuwa kamar ya ajiye sarauta ne. Dikko ya je ya dawo cikin watanni, gadonsa na jiransa.

Turawa suna da tasu manufar. Bayan yaƙin da suka yi da Daular Usmaniyya suna son nuna wa Musulmin da suke mulka cewa ba su gaba da addini, kuma sarkin da ya ga masaƙu da tashoshin jiragen ruwan Ingila da idonsa zai dawo da labarin ƙarfinsu. Shi kuma ya samu abin da yake nema. Lakabin Alhaji a wancan zamani ya ba shi wata daraja da Dallazawa ba za su iya musantawa ba. Ya sake komawa Ingila a 1924 da 1933 da 1937, ya kuma sake yin Hajji a 1933, lokacin Makka ta riga ta koma hannun Sarki Abdul'aziz na Saudiyya.

Kusan duk abin da ya burge shi a tafiya sai ya nemi ya dasa a gida. Folo ya samu gindin zama a Katsina, ɗansa Usman Nagogo ya zama gwanin da aka sani har ƙasashen waje. Kwalejin Katsina, wadda Gwamna Hugh Clifford ya buɗe a 1922, ta zauna a birninsa har aka mayar da ita Kaduna a 1938, daga baya ta zama Kwalejin Barewa a Zariya. Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello da Kashim Ibrahim da Abubakar Imam duk nan suka yi karatu. Ya yarda aka buɗe makarantar 'yan mata a wajen 1930, lokacin da sarakuna da yawa ba sa son jin zancen. A 1934 aka ba Katsina da Daura lardinsu na kansu, bayan shekarun da aka yi ana jingina Katsina da Kano, sannan da Zariya.

Makarantun nan dai a birni suke, kuma 'ya'yan sarakuna da na ma'aikatan En'e ne suka fi cika su. Ƙauyukan da ke noma audugar da ake biyan malamai da harajinta sun daɗe suna jira kafin allo da alli su iso gare su.

Shekarunsa na ƙarshe sun zo daidai da Yaƙin Duniya na Biyu, lokacin da gwamnati ta matsa wa lardunan Arewa su ba da sojoji da hatsi da leburorin haƙar kuza a Jos. Tsufa ya kama shi, yawancin aikin yau da kullum ya koma hannun 'ya'yansa da 'yan majalisarsa. Ya rasu a 1944 yana da shekara kusan 79, bayan shekara 37 da 'yan watanni a kan gado. Malam Bello Kagara, marubucin Ganɗoki, ya rubuta tarihinsa da Hausa bayan rasuwarsa.

Usman Nagogo ya gaje shi ya yi mulki har 1981, sai Muhammadu Kabir Usman har 2008, sai Abdulmumini Kabir Usman. Jikansa Hassan Usman Katsina ya zama gwamnan soja na Jihar Arewa a 1966. Sarautar da Palmer ya ɗauko daga gidan Dallazawa ba ta sake komawa can ba.